Tambari a Fada, Gula a Gidan Galadima

Duk baƙon da ya sauka Birnin Kurmau a zamanin Sarki Tunau, akwai abu guda da sai ya yi wa dariya. Tambarin yaƙi yana fada, amma gula, sandar nan mai kai da ake dukansa da ita, tana gidan Galadima Nomau, cikin wata tsohuwar jakar fata da ke rataye a zaurensa. Baƙo ya ce, wannan wane irin shirme ne, a raba ganga da sandarta? Mutanen gari su yi murmushi su ƙyale shi, don sun san ruwa ba ya tsami banza.

Asalin abin daga uban Tunau ne, Sarki Gwanki. Jarumi ne, wannan ba mai ƙwace masa, amma Allah ya jarrabe shi da son jin ƙarar tambari. Sau goma sha ɗaya ya sa aka buga shi cikin shekara bakwai, har akwai yaƙin da aka yi don kawai wani sarki ya aiko masa gaisuwa ta hannun bawa maimakon ɗa. Maza suka ƙare a ƙauyuka, gero ya riƙa bushewa a tsaye ba mai yanka. Ran da aka buga na goma sha biyu, manoma suka haye duwatsu suka yi shiru abinsu. Gwanki ya fita da 'yan barade kaɗan, bai dawo ba.

Da aka zo naɗa ɗansa, manyan ƙasa suka zauna a gindin tsamiyar ƙofar fada har kwana uku, suka ƙulla abin da ake kira Alkawarin Tsamiya, Liman ya rubuta shi, sabon sarki ya dafa ya rantse. Sarki na nan sarkinsa, shi ke naɗi, shi ke shari'a, amma ba zai kashe rai ba, ba zai buga tambarin yaƙi ba, sai mutum biyar sun zauna: Galadima, Madawaki, Liman, Magajiya, da Sarkin Noma. Mai son yaƙi ya ajiye kibiya a kan buzu, wanda ba ya so ya ajiye zangarniyar gero. In kibau sun fi yawa, Galadima ya miƙa gula a gaban jama'a. A ranar, wasu sun ce uku ma sun isa in ana sauri. Nomau ne ya kafe ya ce sai biyar cif, don ya san in aka ce uku, kullum Sarkin Noma ne za a manta a kira, alhali 'ya'yan manoma ne ke mutuwa. Ya yi ta alfahari da wannan magana shekara shida, bai san kansa ya haƙa wa ramin ba.

Ran wata Laraba da hantsi, cikin kaka, ana tsakar fadanci, sai ga manzo daga Ƙayau, garin da ke bakin iyaka ta gabas. Doki ya yi kumfa, shi kuma goshinsa a tsage. Ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, Sarkin Zangaru ya ƙetare kogi da rundunar da ban iya ƙirga ta ba, ya kewaye Ƙayau tun jiya. Ubangidana Jatau ya rufe ƙofa da mutum ɗari biyu. Rijiya ɗaya ce a cikin ganuwa."

Idanu suka koma kan Galadima, don Jatau ɗansa ne, shi kaɗai ne namijin da Allah ya bar masa. Sarki Tunau kuwa a gidan Nomau ya tashi, akushi ɗaya suka ci tuwo da Jatau, tabarma ɗaya suka kwana, bulala ɗaya suka sha in sun yi ɓarna. Sarki ya miƙe tsaye, abin da sarki ba ya yi a gaban manzo, ya ce, "Galadima, kawo gula. In muka tashi yanzu, kafin rana ta faɗi muna Ƙayau."

Nomau ya ɗaga kai. Ya dubi wurin zaman Sarkin Noma, ba kowa. Anaruwa, mai riƙe da wannan sarauta, yana can Gidan Dawa, ƙauyensa na yamma, yana duba girbi, tafiyar yini guda ga mai doki. Shi kuwa Sarkin Noma bisa al'ada ba ya hawa doki, jaki ne abin hawansa.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Zaki, mu huɗu ne."

Madawaki Cindo, shugaban mayaƙa, mutum ne mai zafi amma ba mugu ba. Ya ce, "Galadima, ɗanka fa ake magana. Ko kunnenka bai ji ba?"

"Ya ji, Madawaki. Mu huɗu ne."

Sarki ya dube shi, sannan ya sa aka tashi manzo mafi sauri zuwa Gidan Dawa, ya shige gida ba tare da ya sallami fada ba.

Da azahar labari ya bazu cewa ƙudan zuma sun sauka a bukkar tambari, sun yi dunƙule a jikin rufin. Nan fa gari ya rabu biyu. Mutanen Madawaki suka ce runduna ce Allah ya nuna, a tashi kawai. Tsofaffin mata suka ce a'a, zuma ba ta ƙaura ta bar wasu a baya. Aka tambayi Liman, tsoho mai ƙarancin magana, ya ce shi dai abin da ya gani zuma ce, a nemo mai hayaƙi ya kore ta kafin ta harbi wani.

Madawaki bai tsaya ga zuma ba. Ya shiga wurin Sarki ya ce gula ai itace ce, kowane masassaƙi zai sassaƙa wata kafin a gama alwala, kuma tambari bai san hannun da ya dake shi ba. Gaskiya ya faɗa, kuma wannan ne abin tsoron. Nomau ya ji labarin yana zaune a zaurensa, ya sauko da jakar ya ɗora a cinya, yana ta shafa ta. Daga cikin gida yana jin kukan uwar Jatau, wadda ta aiko masa da abinci bai taɓa ba, ta kuma aiko masa da magana cewa in ɗanta ya mutu, kada ya zo mata gaisuwa.

Da la'asar sai ga Sarki da kansa, a ƙasa, ba laima, ba dogarai sai biyu da ya bari a waje. Ya cire takalmi a bakin zaure kamar yadda ya saba tun yana yaro, ya zauna a gefen tabarma.

Ya ce, "Baba, ba Sarki ne ya zo ba. Tunau ne. Ka ba ni in je in ɗauko ɗan'uwana."

Wannan kalma ta Baba ta fi duk faɗan Madawaki zafi. Nomau ya kwance bakin jakar, ya zaro gular, baƙa wuluk don tsufa, ya ajiye ta a tsakaninsu.

Ya ce, "Ga ta nan. Ni tsoho ne, ko akuya ban iya kayarwa. In ka miƙa hannu ka ɗauka, ba abin da zan iya. Zuciyata ma tun safe take ce mini in ba ka, har in riƙe maka linzami. Amma da hannuna ba zan miƙa ba."

"Saboda mutum ɗaya da ke kan jaki?"

"Saboda dubun da ke bayansa. Tunau, yau dalilinka mai kyau ne, ba mai musu. Ubanka ma yaƙinsa na fari dalilinsa mai kyau ne, ina wurin, ni na ɗaura masa sirdi. In alkawari bai riƙe mu ran da yake mana ciwo ba, to yaushe zai riƙe mu? Gobe wani sarki zai zo wanda bai kai ka tausayi ba, ya ce ai Tunau ma ya buga da huɗu, kuma Nomau da ya kafa dokar shi ya fara karya ta da abin ya zo kan ɗansa."

Sarki ya ce, "In Jatau ya mutu fa?"

"In ya mutu, ni na kashe shi, ba kai ba. Zan ɗauki wannan har kabarina."

Sarki ya zuba wa gular ido. Hannunsa ya taso daga gwiwa, ya tsaya, ya koma. Can ya miƙe ya sa takalmansa, ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Mayar da ita jaka, Galadima. Kuma ka ci abinci, kada ka mutu kafin Anaruwa ya iso." Da ya koma fada ya aika wa masassaƙan gari cewa duk wanda ya sassaƙa gula, da ita za a fasa masa kai.

Alhamis ta zo ta yi tsawo kamar ba za ta ƙare ba. Da hantsi wani manzo ya iso, ya ce an ƙone unguwar da ke wajen ganuwa, an kuma fara jingina tsani. A kasuwa mutanen da suka saba durƙusa wa Nomau suka riƙa kau da kai. Wata mai fura ta ce a bainar jama'a wai dutse ne a ƙirjinsa. Bai ji haushinta ba, don shi ma da zai samu dutsen da ya karɓa ya huta.

Ana sa ran Sarkin Noma sai Juma'a da rana. Amma la'asar sakaliya sai aka ji ihu daga ƙofar yamma. Anaruwa ne, gajere mai ƙaton ciki, a kan dokin manzon, an ɗaure shi da rawani a jikin sirdi kamar buhun dawa, ya rungume wuyan dokin da hannu biyu, idonsa a rufe. Shekara sittin da wani abu bai taɓa hawa doki ba. Da aka kwance shi ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, sai da mutum biyu suka tallafe shi zuwa gindin tsamiya.

Yana nishi ya ce, "Wanda ya ƙirƙiro hawan wannan dabba, Allah ya yafe masa, ni dai ban yafe ba. Nomau, saboda kai na karya al'adar kakannina. A shimfiɗa buzu."

Aka shimfiɗa. Sarki ya zauna a gefe, don alkawari ya ce ya ji amma ba ya ajiye komai. Jama'a suka cika filin har kan katanga.

Madawaki ya fara. Ya ce wanda ya bar maƙiyi ya kwana a zaurensa, gobe a ɗakinsa zai same shi. Ya ajiye kibiya. Liman ya ce shi bai ga an aika wa Sarkin Zangaru ko manzo ɗaya a ji abin da yake nema ba, kuma jini in ya zuba ba a kwashe shi. Ya ajiye zangarniya. Magajiya, gwaggon Sarki, ta ce wanda ya zo da tsani ba magana ya zo yi ba, ta ajiye kibiya.

Aka dubi Galadima. Kibiya ɗaya daga hannunsa, magana ta ƙare. Ya ɗauke ta, ya juya ta, sai ya mayar gefe.

Ya ce, "Na zauna, don alkawari ya ce biyar su zauna. Amma ba zan ajiye komai ba. Idona ba ya ganin Kurmau yau, Jatau kaɗai yake gani. Mai ɗa a cikin wuta ba shi ne zai ce a tura 'ya'yan wasu ba."

Madawaki ya dafe kai ya ce, "Wannan tsoho zai kashe ni." Liman kuwa ya ce alkawari bai hana ba, kuma shi a ganinsa ya kamata a ƙara wannan a rubuce. Saura Sarkin Noma. In ya ajiye zangarniya, biyu da biyu ke nan, ba rinjaye, gula ta koma jaka. Kowa ya san rabin geron ƙasar na tsaye a gona, tsuntsaye na ci.

Anaruwa ya gyara zama da ƙyar, ya ɗauki zangarniyar ya shinshina ta, ya ce, "Allah ya ba Sarki nasara. Zamanin mahaifinka, ba wanda ya taɓa tambayar manomi. Sai dai mu ji dum, dum, mu ajiye magirbi mu bi, mu bar mata da yunwa. Jiya ina cikin gona manzo ya ce mini wai an tsayar da tambari ana jirana, kuma wanda ya tsayar ɗansa ne a kewaye. Na ce ƙarya kake. Ya rantse. To wallahi ban san lokacin da na ce a ɗora ni kan dokin ba." Ya ajiye zangarniyar a cinyarsa, ya ɗauki kibiya. "Zan ajiye, amma da sharaɗi. Mu kore su zuwa kogi, mu tsaya. Ba mu ƙetare ba, ba mu ci garin kowa ba. Kwana goma maza su dawo gonakinsu."

Sarki ya ce, "Na ji, na karɓa. Liman, rubuta."

Kibiyar ta sauka a kan buzu. Nomau ya miƙe, ya zaro gula, ya miƙa wa Sarkin Tambari da hannu biyu, kowa na gani. Tambarin da ya yi shekara shida bai yi magana ba ya yi ruri, tsuntsaye suka tashi daga tsamiya.

Da sassafen Juma'a runduna ta fita, an ɗora tambari a kan raƙumi ana dukansa. Sarki ya ce Galadima ya zauna ya tsare gari, shi kuwa ya ce sai dai a ɗaure shi. Suka fita da mutum ɗari bakwai. A ƙauyen farko maza suka fito bakin hanya da magirbi a hannu, ba su gudu ba, ba su kuma biyo ba. Wani dattijo ya ɗaga murya ya ce, "Sarkin Noma ya ajiye kibiya?" Aka ce ya ajiye. Ya juya ya shiga gida, ya fito da baka da kwari, sauran suka bi sahunsa. Haka aka yi ta yi ƙauye bayan ƙauye, tambaya ɗaya, amsa ɗaya. Kafin a hango dutsen Ƙayau, Madawaki ya waiwaya ya kasa ganin ƙarshen mutane.

Sun iso rana ta karkata. Ƙofar gabas ta Ƙayau ta ci wuta ta faɗi, mutanen Jatau sun toshe gurbin da turame da gawar dawakai, suna faɗa a kansu. Sarkin Zangaru ya san halin gidan Gwanki, ya shirya tarbar barade kaɗan masu zafin kai, ya jera masu māsu a kan hanya. Madawaki ya tunkare su ta gaba kamar yadda suka zata. Manoma kuwa suka nutse cikin gonakin dawa da ke dama da hagu, dawar ta fi tsayin mahayi, su kuwa sun san tafiya a cikinta ba tare da kara ya motsa ba. Sai kibau suka fara zubowa daga inda ba a ganin kowa. Sahun Zangaru ya karye ta gefe, masu tsani suka bar tsaninsu, aka bi su ana kora har bakin kogi. Can Madawaki, jini ya hau masa kai, ya ce a ƙetare a gama da su gaba ɗaya. Sarki ya sa dokinsa a gicciye a bakin ruwa ya ce, "Nan aka ce, nan muka tsaya."

Nomau bai ga wannan ba. Tun da ƙofa ta buɗe ya sauka daga doki ya shiga gari da ƙafa, yana tsallake toka da karyayyun kibau. Ya ga sababbin kaburbura a jikin ganuwa, ya so ya kau da ido, ya tilasta wa kansa ya ƙirga. Talatin da ɗaya. Mata na zaune kusa da su, ba wadda ta zage shi, shi kuwa ya fi son a ce sun zage shi.

Ya sami Jatau a rumfar masallaci, kwance a kan tabarma. Wanzami ya cire masa kibiya daga kafaɗar dama, ya ce zai rayu, amma wannan hannu ba zai ƙara jan baka ba. Ya rame, leɓɓansa sun tsattsage don ƙishirwa. Tsohon ya durƙusa kusa da shi, duk jawabin da ya shirya a hanya ya gudu.

Ya ce, "Jatau, tun Laraba zan iya zuwa. Sarki ya roƙe ni, ni na hana. Da na miƙa gula, da hannunka na nan, da waɗancan na waje suna raye. Ban zo in ce ka yafe mini ba."

Jatau ya buɗe ido ya dube shi, ya yi ɗan murmushi. Ya ce, "Biyar ɗin sun zauna?"

"Sun zauna."

"To alhamdu lillahi. Tun ranar farko na tara mutane na ce musu kada kowa ya sa rai kafin Asabar, na san ubana, na kuma san jakin Anaruwa. A kan haka muka raba ruwan rijiya." Ya yi tari, ya lalubo hannun uban da hannunsa na hagu ya riƙe. "Baba, Laraba da Alhamis kowa a garin nan kunnensa na yamma, yana roƙon Allah ya ji tambari. Ni kaɗai nake roƙon kada in ji. Na san in ya yi ƙara da wuri, to ta kan gawarka aka ɗauki gular."

Galadima Nomau, wanda bai zubar da hawaye a gaban Sarki ba, bai zubar a gindin tsamiya ba, ya kifa goshinsa a kan hannun ɗansa ya yi kuka kamar yaro, mutane na tsaye suna kallo, ba wanda ya ce masa ya yi haƙuri.